Jakin da Ya Nufi Gidan Hirudus

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake zuwa sujada a ƙafa, sunansa Kefas. Bawan Allah ne, mai sharar majami'a, makullin ƙofa a wuyansa.

Majami'ar tana da tagogi huɗu na gilashi mai launi. Ta farko, jariri Yesu a komin dabbobi. Ta biyu, makiyaya. Ta uku, sarki Hirudus, fuska a murtuke. Ta huɗu kuwa, Yusufu ne yana jan jaki, Maryamu da jaririn a kai, sun ba Hirudus baya sun nufi Masar. Yawancin mutanen garin ba su yi karatu ba, a tagogin nan suke ganin labarin.

Ana saura mako biyu Kirsimeti, gara ta cinye katakon taga ta huɗu. Kefas ya cire gilashin, wani kafinta mai suna Tanimu ya sake katako ya tafi, Kefas ya mayar da gilashin shi kaɗai. To, ku saurara, 'yan'uwa: a waje ya tsaya. Irin gilashin nan daga waje duhu ne kawai, sai an shiga ciki rana ta ratso ake ganin hoton. Ya sa shi a baibai bai sani ba.

Ran Lahadi da aka tashi, wata tsohuwa, Iya Rifkatu, ta kamo rigarsa.

"Kefas, ɗana, idona ne ko kuwa? Ina Yusufu zai kai yaron nan?"

Ya ɗaga kai. Ga jaki ya juya, ya miƙe sak wajen Hirudus!

"Shekara arba'in ina kallonsu suna gudu," in ji ta. "Yau sun shirya da sarkin ne?"

Mutane suka taru. Wani ya ce ai dawowarsu ce daga Masar. Wani ya ce, "Dawowa, Hirudus yana zaune da ransa?" Wata ta ce alama ce, ta fashe da kuka. Kefas kansa ya rikice, yana juya tafin hannunsa, ciki, baya, ciki, baya. Sai ya gane.

Dattijon majami'a, Baba Iliya, ya buga sanda. "Aikin kafintan nan ne. Ba zai ƙara buga ƙusa a gidan kowanenmu ba!"

Ku saurara fa. Ba wanda ya ga Kefas a kan tsani. In ya yi shiru, abincin Tanimu ya ƙare a garin. In ya yi magana, makullin wuyansa ne zai tafi. Sai Kefas ya matso gaban dattijon.

"Baba, ni ne. Tanimu bai taɓa gilashin ba."

"Kai? Wa ya ce ka mayar ba mu nan?"

"Ba kowa, Baba."

Nan take aka karɓe makullin. Kefas na tsaye yana share hawaye, Iya Rifkatu ta zungure shi. "Kuka kake yi? Ɗauko tsani ka juya su, kafin sojoji su hango su!"

Ya ɗauko, ya juya su. Makullin bai dawo ba, amma Tanimu ya ci gaba da ciyar da iyalinsa.

'Yan'uwana, kowa yana kuskure, amma shirun da zai sa a hukunta wani a madadinka zunubi ne. Wataƙila a gidanka ko wurin aikinka akwai mai ɗauke da laifinka yau. Kada ka ci abincin rana sai ka je ka ce, "Ni ne."