Giɓin da ke Tsakiyar Jeren Kwanuka

Dalilin da ya sa duk ɗakin da kuka shiga a Rafin Kuka kuke ganin giɓi a tsakiyar jeren kwanuka, ku matso in faɗa muku. Na yi yawon duniya iya yawo ban ga haka a ko'ina ba, shi ne da na dawo na tsare Kaka da tambaya. Ga abin da ta faɗa mini.

Can da, tukunyar silba ba ta ganin wuta a garin nan. Ta ado ce. Mace ta jera ta a bango, ta goge ta ranar Juma'a, baƙi su shigo su ga fuskarsu a jikinta. Girki kuwa na tukunyar ƙasa ne da baƙar tukunyar ƙarfe.

Wata damina, wani manomi mai suna Tanko ya kwanta ciwo, ciyawa ta kusa shaƙe masa gero. Matarsa Tabawa ta kira gayya. Al'adar gayyar garin kuwa, samari su yi ta noma har rana ta take, a kawo tuwo. In miya ta yi daɗi su ƙarasa aikin. In ba ta yi ba, su saɓa fartanya su tafi, ba mai ce musu don me.

Da safe Tabawa ta ɗora miyar yakuwa, tukunyar ƙasar ta tsage, ruwa ya kashe wutar. Ta dubi ta ƙarfen, ta san halinta: miya mai tsami in ta jima a ciki sai ta yi baƙi, ta ɗauki ɗanɗanon tsatsa. Ga gonar da nisa. Sai ta shiga ɗaki ta sauko da babbar silbar da ke tsakiyar jerenta.

Kande, yayar Tanko, ta tare ƙofa.

"Ke Tabawa, adon ɗakin naki za ki ɗora a murhu? Mata su shigo su tarar da bango kamar bakin tsohuwa?"

"Yaya, in samarin nan suka tafi, bana kwanukan za mu ci?"

Kande ta ce wannan 'yar lange-langen ba za ta jure wuta ba, ƙonewa za ta yi, baƙin kuma ba zai fita ba har abada. Har ta rantse in tukunyar ta dawo da ƙyallinta, ita ma za ta sauke tata ta yi girki da ita. Tabawa ta hura wuta.

A gona, shugaban gayya Ɗanliti, wanda ko miyar uwarsa sai ya samo mata aibu, ya hango tukunyar a kan Tabawa.

"Inna, yau a madubi za mu ci?"

Samari suka kwashe da dariya. Ya buɗe murfi. Miyar tana nan da launinta kamar yanzu aka sauke. Ya kai loma. Ya ƙara wata. Sai ya ce su ci da sauri, aiki na jira. Kafin la'asar babu ciyawa ko tsinke a gonar Tanko.

Da ta koma gida, Tabawa ta sa toka da soso, baƙin hayaƙin ya fita tas. Kande ta karɓa ta juya ciki, ta juya gindi, ba tsaga, ba tsatsa, ko ƙanshin daddawa bai maƙale ba. Ta miƙa mata, ta nufi ɗakinta tana gunaguni, ta sauko da tata.

Tabawa ba ta mayar da tukunyar bango ba. Kunun tsamiya, miyar tumatir, duk a cikinta, ko yara sun yar da ita ba ta fashewa. Mata suka gani, ɗaya bayan ɗaya suka sauke nasu.

Shi ya sa har yau, in ana yi wa amarya jere a Rafin Kuka, sai a bar tsakiya wayam, a kai babbar silbar madafa tun ranar farko.