Inna Yelwa a Ƙofar Mijinyawa

Dorcas ƙawata, tun ranar Talata na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in ɗora tukunya in manta da ita. Gara in faɗa miki ko zuciyata ta sarara.

Kin san Inna Yelwa, maƙwabciyata a Gwallaga, mai ƙuli-ƙuli. A unguwar nan babu matsoraciya kamarta. Ƙadangare ya gifta, sai ta tattare zani ta hau turmi. In ta shiga keke napep, ba ta daina cewa "a hankali, ɗana" har ta sauka. Amma ita ce ke yi wa matan unguwa wankan ƙarshe idan sun rasu.

Mijinyawa kuwa shi ne shugaban 'yan sara-suka na lungun bayanmu. Bara ya tare Ashiru, ɗan Inna, ya sare shi a hannu don ya hana su kekensa. Yatsunsa sun shanye har yau. Inna ta faɗi sunan Mijinyawa a gaban hukuma, aka tsare shi, aka yi belinsa. Ya aiko mata cewa ranar da ta taka lungunsa, sai dai a ɗauko ta. Tun daga nan ta bakin titi take zagayawa zuwa kasuwa.

Ranar Talata da asuba Goggo Zahra, mahaifiyar Mijinyawa, ta rasu. Ba ta da 'ya mace, dangi kuma sun daɗe da janye jiki saboda ɗanta. Maza suka haƙa kabari, liman ya aiko a yi wanka kafin azahar, ga zafi. A addininmu, Dorcas, in mutum ɗaya ya wanke mamaci ya ɗauke wa kowa. In aka bar shi, zunubin na kan unguwa duka.

Mata suka taru a tsakar gidana. Wannan ta ce goyo gare ta, waccan ta ce maigida ya hana. Inna ta ɗauki mayafi ta ajiye, ta je ƙofa ta dawo, ta sake zuwa.

Khairat mai ɗinki ta ce, "Inna, ke da akuya ke yin atishawa ki ruga, zauna abinki."

Inna ta ce, "Goggo Zahra ta taɓa saran wani?"

Rana tana ta ɗagawa. Inna ta ɗauki buta da ganyen magarya da kafur, ta dube ni. "Maman Mahfuz, taso ki zuba mini ruwa."

Muka kama hanya. Bakinta na ta motsi, hasbunallahu wa ni'imal wakil. Lungun ƙunci gare shi, yaran Mijinyawa sun jeru a kan benci, warin wiwi ya cika wurin. Shi yana zaune a bakin zaure, ya miƙe ƙafa ya tare ƙofa, adda a cinyarsa, idanunsa jajur. Hannun Inna na karkarwa har ruwan buta yana zuba a kan takalminta.

Ya ce, "Inna, kin manta saƙona ne?"

"Ban manta ba, Mijinyawa."

"To me ya kawo ki?"

"Ba wurinka na zo ba. Wurin Goggo na zo."

Wani daga kan benci ya kwashe da dariya. "Oga, dubi ƙafafunta, kamar mai zazzaɓi."

Inna ta ce, "Rawa suke, ɗana. Ina tsoron ogan naku, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya ɗauki ran Goggo da asuba bai nemi izininsa ba. Shi na fi tsoro." Ta juya ga Mijinyawa. "In sara za ka yi, bari in gama tukuna. Ba na so a bar ta rabi da rabi."

Mijinyawa ya dubi addar, ya dubi butar, ya daɗe. Can ya janye ƙafarsa.

Abin da muka gani a ɗaki ba zan faɗa ba, mai wanka ba ta faɗa. Abu ɗaya kawai: Inna tana cewa bismillahi, hannunta ya daina rawa. Muka wanke Goggo tas, muka sa mata likkafani.

Da muka fito, Mijinyawa yana cikin zaure shi kaɗai, addar na jingine a bango. Ya yi ƙasa da murya.

"Inna, alwala... da fuska ake farawa ko da hannu?"

Liman na jira a yi wa mahaifiyarsa salla, shi kuwa ya manta. Inna ta dubi hannun nan da ya sari ɗanta. Na ɗauka wucewa za ta yi. Sai ta durƙusa, ta karkata butar.

"Miƙo. Ce bismillahi."

Ta bi da shi gaɓa-gaɓa kamar ɗan yaye. Yaransa na kira daga waje, ya ce, "Kada su ji, Inna."

Ya shiga sahu, ya ɗauki makara. Ban ce miki ya tuba ba, wannan Allah ya bar wa kansa sani. Ashiru ma har yanzu fushi yake da uwarsa. Amma jiya Inna ta bi ta lungun zuwa kasuwa, yaran suka janye ƙafafu ta wuce. Tana dawowa ta ga ƙadangare, ta hau turmi.

Darasin da na ɗauka, Dorcas, shi ne imani ba ya hana ƙafa rawa, hana ta juyawa baya yake yi. Wanda ya sa tsoron Allah gaba da tsoron mutum zai sauke abin da ke kansa ko jikinsa na ɓari, ya kuma iya zuba wa maƙiyinsa ruwa. Maganar alwalar nan kuwa, don Allah ta tsaya tsakanina da ke. Mijinyawa ya roƙa a rufa masa asiri, kuma addar tana nan. Ko mijinki kada ki faɗa wa.