Gashin Bakin Aro

Rafik Shalhub ɗan kasuwar yadi ne daga Bairut, kuma abu biyu yake taƙama da su a duniya: gashin bakinsa da iya karta. Gashin bakin kam ya isa abin taƙama, baƙi wuluk, kullum a murɗe, da shi yake rantsuwa kamar yadda kakanninmu suke yi. Aibinsa shi ne bai yarda akwai wanda ya fi shi wayo ba, balle mu mutanen Zahle da yake kira manoman inabi.

Wata Asabar ya kawo kaya garinmu. Da ya ci abincin rana sai ya tambayi inda ake buga kartar caca ta poka, aka hawo da shi ɗakinmu da ke saman gidan burodi. Ina wurin, tare da mai ɗakin, dattijo Abu Tanyus.

Muna da al'ada a ɗakin nan, kuma ina alfahari da ita: baƙo ba ya tashi hannu rabbana a zamansa na farko. Ko kana riƙe da karta mai kyau, sai ka kife ta ka bar masa. Mai hankali yakan gane, ya sha gahawa, ya yi godiya, ya sauka. Rafik kuwa da ya ga yana ta ci, sai ya ɗauka gwanintarsa ce.

"Wai nan ne Zahlen da ake faɗa?" in ji shi, yana murza gashin baki. "Ku koma gona, bayin Allah, karta ba taku ba ce!"

Raina ya ɓaci, amma Abu Tanyus ya yi murmushi. "Ɗana, ka ci rabonka. Sha gahawarka ka kama hanya tun da rana."

"Tsoro ne, Baffa? Zauna mu yi ni da kai. Na rantse, in ka ci ni a wannan rabon, a kawo wanzami ya aske gashin bakin nan a gaban kowa!"

A wurinmu namiji ba ya wasa da wannan rantsuwar.

"Janye maganarka, ɗana."

"Ba na tofar da yawu in lashe. Raba!"

Aka raba. Rafik ya baje sarakuna uku yana dariya. Tsohon ya ajiye nasa a hankali, bakwai-bakwai har guda huɗu, waɗanda a poka suka fi sarakuna uku. Wani ya leƙa taga ya ƙwala wa wanzami kira. Rafik ya zauna, hannunsa a kan leɓe.

Da wanzami ya buɗe aska, sai Abu Tanyus ya ɗaga hannu. "Mayar da ita. Ba a taɓa zubar da mutuncin baƙo a ɗakina ba." Ya dubi Rafik. "Tafi da gashin bakin, ɗana. Amma ka sani nawa ne, aro na ba ka. Ka riƙa shafa masa mai."

Rafik ya sauka ya kama hanya. Sai dai labari ya riga shi isa Bairut, don direbobinmu ba su iya riƙe magana ba. Duk wanda ya shiga kantinsa sai ya ce, "Rafik, yaya gashin bakin Abu Tanyus? Kana dai kula masa da shi ko?" In ya yi rantsuwa da shi a ciniki, sai a ce masa ba a rantsuwa da kayan mutane. Kafin wata ya ƙare ya shiga banɗaki ya aske shi da hannunsa, kuma bai sake bari ya tsiro ba.

Darasin a fili yake. In ka sauka garin mutane suka yi maka kara, kada ka ɗauka tsoronka ake ji. Caca dama ba ta da amana, amma ba ita ta kayar da Rafik ba, girman kai ne ya sa ya ɗora mutuncinsa a kan tebur. Dukiya in ta tafi takan dawo. Mutunci kuwa, ko wanda ya ci ka ya yafe, ba ya komawa naka.