Kunun Tabawa da Yanar Ɗan Saƙa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata tururuwa, Tabawa, da ƙanwarta ta haihu a hayin rafi. Hanya ɗaya ce ke ƙetarawa, yanar wani gizo-gizo, Ɗan Saƙa. Kowa yakan ba shi ladansa da kaka, ya wuce da kayansa, ba tambaya. Ta nan ake ciyayya, akushi ya je, akushi ya dawo.

To, akwai Buzuzu mai tuwon sayarwa. Ku ji fa, buzuzu da tuwo! Ya ga ciyayya na kashe masa kasuwa, sai ya je ya shafa wa Ɗan Saƙa mai a baki.

Da safe Tabawa ta zo da kunun kanwa na mai jego.

"Me ke cikin ƙwaryar?" in ji Ɗan Saƙa.

"Yaushe aka fara tambaya? Ba na ba ka ladanka ba?"

"Yanar ta yi nauyi. Masu ciyayya su bi siririn zare."

Zaren kuwa danƙo gare shi. Kafin ta isa, kunu ya huce.

Kashegari, "Me ke cikin ƙwaryar?" Kunu ya tsinke.

Rana ta uku, "Me ke cikin ƙwaryar?" Kunu ya yi tsami, ga Buzuzu na mirgina kayansa a faffaɗan zare. Ƙanwa ta rame, jariri na kukan nono. Abin ya ci wa Tabawa rai ƙwarai.

Ta zauna ta yi tunani. Gaskiya yanar tana nauyi, Ɗan Saƙa ne kuma ya saƙa ta. Amma ai kayan Buzuzu sun fi ƙwaryarta nauyi. Ta ce, "Ashe ba nauyi ake aunawa ba, mai kayan ake dubawa."

Ta kira dangi. Wannan ta riƙe ƙugun wannan, wannan ta riƙe ƙugun waccan, har suka kai hayi. Ƙwarya ta bi hannu zuwa hannu, ta isa tana tururi. Ƙanwa ta kurɓa, ta ce, "Yaya, yau har ya ƙona min harshe!"

Daga ranar kowa ya bar yanar. Ɗan Saƙa ya yi ta kira, "Ku zo, na daina tambaya!" Ko waiwaye. Shi ya sa har yau za ku gan shi a kusurwa shi kaɗai, yana jiran ƙuda.

Yara, wanda aka ba amanar hanya, ba ruwansa da cikin ƙwarya.

Ƙurunƙus kan ɗan buzuzu!