Indararon Baba Jatau

Dalilin da ya sa indararo ya juya wa gida baya, ya miƙa bakinsa kan hanya yana sheƙa wa bayin Allah ruwa a ka, shi za ku ji yau, yara. Ku gyara zama, kuma kada wanda ya yi dariya kafin a zo wurin dariya.

A da can, duk indararon garin nan cikin gida yake kallo. Ruwan da ya taru a kan soro tsakar gida yake zuba, a tare shi a randuna. Mai wucewa kuwa ya wuce da hularsa a bushe, kamar yadda ya kamata.

To, an yi wani mutum, Baba Jatau, wanda katangar gidansa ta fi ta kowa kauri. Ginin ƙasa ne na gaske, rana ta yini tana dukansa ba ta ratsa shi, dakalin ƙofar gidan kuma sanyi kamar gindin randa. Sanyin nan shi ya jawo masa wani mai zaman kashe wando, Mantau, da abokansa. Tun hantsi za su baje a dakalin, ba sa tashi sai an fito da tuwo. Kun kuwa san ƙa'ida: duk wanda akushi ya tarar a ƙofar gida, dole a ce masa bismillah. Su Mantau ba su taɓa cewa sun ƙoshi ba. Baba Jatau yana ji yana gani ya koma mai suɗar akushi a gidansa, har wandonsa ya fara zamewa. Korarsu kuma abin kunya ne.

Da damina ta kankama sai ga wata masifar. Randuna suka tumbatsa, tsakar gida ta zama tafki, gindin katanga ya fara zaizayewa. Matarsa Tasalla ta ce ita ba agwagwa ba ce, ba za ta sake tuƙa tuwo ruwa na dukan ƙwaurinta ba.

Baba Jatau ya dubi tafkin, ya tuna dakali, sai aka ga yana murmushi shi kaɗai. Ya aika aka kira magini, ya ce a cire indararon a juya shi waje. Magini ya tambaya ta wane ɓangare.

"Daidai kan dakali."

"Baba, ai nan mutane ke zama."

"Ni ma na lura," in ji Baba Jatau.

Ba a jima ba hadari ya haɗu da yamma, daidai lokacin tuwo. Baba Jatau ya sa aka ajiye masa akushi a cikin zaure, ya laɓe yana leƙe. Ruwa ya kece. Indararo ya ɗan yi gyaran murya, sannan ya sauke duk abin da ke kan soron a ƙeyar Mantau. Hularsa ta bi kwata, abokansa suka tashi suna karo da juna. Baba Jatau ya toshe baki da hannun riga yana dariya, cikinsa har ciwo yake.

Amma Mantau bai nufi gida ba. Ya matse gemu, ya yi sallama, ya faɗo zauren, sauran na biye. Suka ɗaga kai suka ga rufi can sama, ga 'yar taga tana shigo da iska, ƙasa a bushe ƙamas.

"Haba Baba," in ji Mantau, "ashe wuri irin wannan ka ɓoye mana? Nan ai ko da bazara ba mai tashinmu."

Ga akushi a tsakiya yana tururi, tuwon da Tasalla ta tuƙa a busasshen murhu, rabon da ya yi kyau haka tun farkon damina. Baba Jatau ya ce bismillah da muryar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Maƙwabta da suka ga tsakar gidan Tasalla ta bushe, katanga ta daina zaizayewa, sai kowa ya juya nasa indararon. Ba wanda ya nemi shawarar masu wucewa. Ko ɗaya.

Shi ya sa har wa yau jikokin Mantau suna cikin zaure a bushe suna jiran akushi, indararo kuwa yana nemansu a waje, in bai gan su ba sai ya huce a kan wanda bai ci ko loma ba, dattijo mai gogaggiyar riga da ya fito harkar gabansa. Kuma har yanzu ba a ga mutum ɗaya daga zuriyar Jatau ya zo ya ba da haƙuri ba, balle ya karɓi hular dattijon ya wanke. Ana nan ana jira.