Tsayin Malam Ɗantani Sau Goma Sha Biyu

Ku ajiye wayoyin nan naku ku saurara, don ranar da ruwa ya zo babu wadda ta yi magana a cikinsu.

A Tungar Gwanda akwai wani dattijo, Malam Ɗantani, tsohon ma'aikacin oba-oba. Da ya yi ritaya sai ya nemi lasisi, ya ajiye rediyon aika saƙo a ɗakinsa, yana hira da mutanen da bai taɓa gani ba. Mu kuwa dariya muke yi masa, har da ni, Allah ya yafe mana. 'Ya'yansa uku: Shekarau mai naɗin koyil na injina da fanka, Dije, da autansu Mati.

Shekarar da kogi ya ɓalle, gada ta tafi, ƙarfen sabis ya faɗi, muka tattara a makarantar kan tudu. Bayan kwana huɗu amai da gudawa ya shigo. An tsira da rediyon da batirinsa, amma ruwa ya ci eriyar. Malam yana cikin waɗanda cutar ta fara kamawa. Da ya ji jikinsa ya ƙi, sai ya ce wa 'ya'yan, "Waya ɗaya ce, a gefe guda ake haɗa ta, ɗaya bakin a kai shi sama. Tsawonta tsayina sau goma sha biyu. Wanda ya sa rediyon nan ya yi magana, nasa ne." Da la'asar aka binne shi a bayan tudun. Washegari uwarsu, Iya Kande, ta kwanta, ga wasu mutum talatin a jere a ƙasan aji.

Waya ba ta shiga rediyon kai tsaye, sai ta bi ta wani zoben ƙarfe da ake naɗa wa jan ƙarfe, zoben kuwa yana ɗakin Malam a ƙarƙashin ruwa. Shekarau ya nutsa sau bakwai a ruwan da ya haɗe da masai kafin ya lalubo shi. Ya warware koyil ɗin wata fanka da aka tsamo, ya sami wayar. Kafin azahar cutar ta kama shi. A kwance ya yi naɗin, zagaye biyu a gefe ɗaya, goma sha huɗu a ɗayan, yana yi yana amai. Ya rayu, amma ƙodarsa ta taɓu, har yau ba ya iya wuni a zaune.

Sai awo. Mu masu wayo muka tsayar da Mati muka auna da shi, alhali ya ɗara ubansa da taƙi guda. Aka kunna, rediyon ya yi ta shuu, allurarsa tana nuna ƙarfin yana komowa baya. Aka yi ta gardama, wani ya ce Malam iya kafaɗata yake, wani ya ce ƙarya ne, ga batir yana raguwa. Dije ce ta tuna da karan da aka auna gawar da shi don haƙa kabari. A garinmu a kan kabarin ake kwantar da karan, ba ya dawowa cikin mutane, mace kuma ba ta taka maƙabarta. Mazan duk suka sunkuyar da kai. Ta ce, "Baba ba zai yi fushi da ni ba." Ta je ta ɗauko, ta auna sau goma sha biyu tana kuka, ta yanke. Daga ranar mata suka daina cin abincin hannunta, mijinta ma bai kai ƙarshen damina da ita ba. Wannan abin har yanzu yana ci mini rai.

Saura kai bakin wayar sama, don a ƙasa muryar ba ta zuwa ko'ina. Itace ɗaya ne dogo a tudun, wata giginya, jikinta santsi saboda ruwan sama. Mati ya ɗaura bakin wayar a wuyan kwalba don kada ta taɓa itacen, ya ɗaura wa kwalbar igiya, ya kama igiyar da haƙori ya hau. Ya ɗaure ta tam. A saukowa ƙafarsa ta zame. Tun daga ranar bai sake takawa ba.

Allura ta kwanta, ƙarfin ya daina komowa baya. Malamin makaranta ya karanta lambar kiran Malam daga jikin akwatin, ya yi ta nanatawa, can sai wata murya daga nesa ta ce, "Ɗantani, kai ne? Kwana biyar ina nemanka." Aka gaya wa mai muryar halin da muke ciki. Bayan kwana biyu kwalekwale masu inji suka iso da magani da ledojin ƙarin ruwa. Mutum tara sun riga sun tafi. Iya Kande tana cikin waɗanda suka tashi.

Yau rediyon yana ɗakinta, lulluɓe da zanen sallarta. Magana ta mamaci ce, dole a cika ta, rediyo kuma ba ya rabuwa uku. Duk lokacin da aka tayar da zancen sai ta dubi wanda ba ya iya zama, da wadda aka guje wa, da wanda ba ya iya tashi, ta kasa zaɓar ɗaya.

To ku da kuke da bakin gardama, ku fitar da tsohuwar nan daga wannan hali. Shekarau, Dije ko Mati, wane ne ya sa rediyon Malam Ɗantani ya yi magana?