Ƙaguwar da Ta Ƙi Zagin Tsibirinsu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!
Ta zo, kunnuwanmu na nan!

Wata Ƙaguwa ce a wani tsibiri, kullum burinta ta ga duniya. Ran nan Shamuwa mai yawon ƙasashe ta sauka tana yatsina.

Ta ce, "Zan goya ki ki ga birane, amma sai kin ce tsibirinku juji ne."

Ƙaguwa ta ce, "Yaya Shamuwa, jujin da kika ƙoshi da kifinsa?"

"To, ki ruɓe a nan!"

"Duniya kam sai na gan ta, amma ban zagin gidan ubana."

Ta haye ɓawon kwakwa, igiyar ruwa ta ja ta. Duk gaɓar da ta sauka, sunan tsibirinsu take fara faɗa.

Ƙurunƙus, kan ɗan tarwaɗa!